Kawu da Filin Karnuka na Aƙiƙ

Kawu ya rasu ranar wata Talata, cikin tsakiyar zafin Madina, yana zaune a kan darduma bayan ya dawo daga sallar Asuba. Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. An sallace shi a Harami bayan Azahar, aka kai shi Baƙi'a. Mu mata muna gidansa na unguwar Azizya muna karɓar gaisuwa, ana zagawa da gahawa da dabino, fanka na ta juya mana iska mai zafi.

Ina gefen Iya, matarsa, ina sauraron abin da ake faɗa a kansa. Duk wadda ta shigo sai ta ce wa ya kai shi dace, ya cika a Madina. Wata tsohuwa daga cikin Hausawan da suka zo ta Sudan ta ce shekara talatin ba ta taɓa jin an ga sahun farko babu shi ba. Wata ta ce shi ya sasanta mijinta da ƙaninsa bayan sun shekara ba sa ga maciji. A wajen maza kuma, kamar yadda maigidana ya ba ni labari, wani ustazu ya miƙe ya yi jawabi a kan yadda Kawu ya tako da ƙafa daga ƙasar Kazaure har bakin Bahar Maliya, shekara shida yana tafe yana ƙwadago a hanya. Duk gaskiya ne. Amma a cikin bakunan nan babu wanda ya furta kalmar kare, alhali a shekarunsa na ƙarshe babu abin da ya ci masa ƙarfi da lafiya kamar karnuka.

A rana ta biyu na kasa daurewa. Na ce, "Allah Ya saka masa da wahalar da ya sha a kan karnukan nan."

Tsohuwar nan ta dube ni ta saman gilashinta ta ce, "Ke 'yar nan, aibu. A gidan makoki?" Iya ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin mayafi. Wata ta yi maza ta tambaya ko akwai sauran gahawa a buta.

Shi ya sa nake rubuta wannan. So suke a tuna da wani tsoho mai farar riga da bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Kawun da na sani kuwa taurin kai gare shi, ya ɓata mini rai sau shurin masaƙi, kuma ya ƙare ransa yana nema wa wasu tsofaffin karnuka wurin da za a sake su ba sarƙa, su sha ruwa, kada a kashe su. In aka cire wannan, ban san wa ake yi wa makoki ba.

Yayan mahaifiyata ne. Ya bar gida tana goye, ba su sake ganin juna ba. Ni na zo Madina ne wajen ƙarshen shekarun saba'in, da maigidana ya samu gurbin karatu a jami'a, muka kama haya a unguwar Sultana saman wani shagon walda. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kama sunana ba. "Uwata" yake ce mini, ko muna tsakiyar faɗa.

Aikinsa gadin gonar dabino ne a Aƙiƙ, a bakin kwarin nan da ruwa ke bi in an yi ruwan sama a duwatsu. Ya fi shekara ashirin a gonar, shi da karnuka uku da ke tsare masa ita daga ɓarayi da dila. Lokacin da na zo gari ya fara cin gonakin. Mai gona ya mutu, magada su sayar, katafila ta tuge dabinon, a aza bene. Da abin ya iso kan gonarsu, magadan suka sallame shi da mutunci, karnukan kuma suka ce ya sake su su kama gabansu. Kowa kuwa ya san inda gaban nasu yake, don a lokacin ana zuba nama mai guba a bayan gari saboda karnukan da ke yawo.

Sai ya kwaso su ya kai saman soron gidansa ya ɗaure da sarƙa. Iya ta gindaya sharuɗɗa: kada su sauko, kada kwanonsu ya haɗu da nata, kada ya shigo mata ɗaki da rigar da ya hau sama da ita. Ya bi duka. Yana da wata tsohuwar taguwa da ke rataye a ƙusa a bakin matakala, ita ce rigar karnuka, in ya sauko kuma sai ya goge hannunsa da ƙasa ya wanke, ya sake wankewa, ya ƙirga har bakwai a fili don Iya ta ji. Da rana simintin saman nan yana ƙona tafin ƙafa, sai ya jiƙa buhuna ya shimfiɗa musu. Maƙwabta suka yi ta kawo ƙarar haushi. Amsarsa ɗaya ce ga kowa, yana sunkuyar da kai: "A yi haƙuri, shi ma mai rai ne."

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai tsofaffin masu gadi bakwai har da shi, duk mutanenmu, da irin wannan ta same su. Wani ya ɗaure nasa a bayan garejin da yake kwana, wani a kango. Babba a cikinsu aminin Kawu ne, dattijo mutumin Damagaram da muke kira Baffa. Su biyun suka hango wani fegi a gefen kwarin Aƙiƙ, duwatsu ne zalla da ƙaya, kusa da wata rijiyar da ba ta ƙafe ba. Suka ce a share shi, a kewaye, a gina kwami, a saki karnukan a ciki, kowane tsoho ya ɗauki rana ɗaya a mako yana kai ruwa da ragowar abinci daga gidajen cin abinci na Sultana. Mutum bakwai, kwana bakwai, lissafi ya fita.

Kafin a fara, Kawu ya zo gidanmu ya zauna a gaban maigidana kamar mai ɗaukar karatu.

"Malam, ƙasar da ba ta kowa ba, in mutum ya share ta ya raya ta, ta wa ce?"

Maigidana ya gyara zama, don irin tambayar da yake so ke nan. Ya ce, "A littafi, Kawu, ta wanda ya raya ta ce."

"To a garinmu ma haka ne. Ka kai wa mai unguwa goro, ka je ka sari dajinka."

Haka kuwa ya yi. Ya sayi goro mai kyau wurin wani Bakano, ya je wurin umda, wanda shi ne kamar mai unguwa a nan. Umda ya yi dariya, ya ba shi gahawa, ya ce shi dai bai ga wata cuta a ciki ba. Kawu ya dawo yana cewa an ba su fili.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da gama wahalar takardun zamana ba, wata biyar ina bin maigidana daga wannan taga zuwa waccan. Na san garin. Na ce, "Kawu, a ƙasar nan ko gawa ba a binnewa sai da takarda. Ba garinku ba ne. Ku nemi sakki." Sakki shi ne takardar mallakar fili.

Ya ce, "Uwata, kin taɓa ganin takarda ta ɗauke dutse ɗaya?"

"Ban gani ba. Amma na ga ta ɗauke gona guda, da kai a ciki."

Na zaci na ci nasara. Na matsa wa maigidana ya rubuta takardar roƙo da Larabcinsa mai kyau, Kawu ya dangwala yatsa, tsofaffin duk suka dangwala. Sai aka miƙa wa Yaya, babban ɗan Kawu, tunda shi haifaffen nan ne, ɗan ƙasa, yana aikin ofis, ya san ƙofar da ake shiga. Yaya yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Ya karɓi takardar da yatsa biyu ya ce, "Tayyib ya abuya, bukra." Wato to Baba, sai gobe.

Gayya aka kira, irin ta gida. Kawu ya bi ɗakunan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ya bi masu tsire da direbobi da teloli. Ni da Iya da wasu mata biyu muka tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, muka dama kunu, aka loda mu a bayan akori-kura da tukwanenmu bayan sallar Asuba ranar wata Alhamis. Mutane sun zo, ban yi zato ba. Da yawa kewar gida ce ta kawo su, wasu kuma tuwon.

Abin da Kawu bai lissafa ba shi ne ɗalibai. Gayya a garinsu da kiɗa ake yi, to a Madina wa zai buga ganga? Da ya ga hannu ya yi sanyi sai ya jawo wani gwangwanin man girki yana ɗan bugawa da tsinke. Ba a yi minti biyu ba wani ɗalibi ya zo ya riƙe masa hannu cikin ladabi ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah." Daga nan magana ta tashi. Wani ya ce yawun kare najasa ne, wani ya ce a Malikiyyar da muka taso a kai kare mai rai tsarkakakke ne. Wani ya ce an halatta kare don gadin gona, to yanzu da babu gonar, da wane suna za a riƙe shi? Wani ya kawo labarin mutumin nan da aka gafarta wa don ya shayar da kare, wani ya ce shayarwa daban, gina masa gida daban. Suka ajiye duwatsu suka yi da'ira, maigidana a tsakiya yana ɗaga yatsa. Ina tsaye da ludayi ina kallon samari majiya ƙarfi suna fitar da hukunci a inuwar mota, tsofaffi bakwai kuma suna cicciɓar dutse a rana. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rufe tukunya na ce wanda bai kawo dutse goma ba ba shi da malmala. Nan take aka samu ijma'i.

Alhamis huɗu aka yi. Ta biyu rabi suka zo, ta huɗu tsofaffin ne kawai da maigidana, shi ma don ya san abin da zai tarar a gida in ya ƙi. Aka kewaye wurin da ragowar bulo da waya da zarɓar dabino, aka gina kwami da siminti, aka yi rumfa a kusurwa.

Ranar da aka saki karnukan ina wurin, a cikin mota. Su goma sha ɗaya ne. Ana kwance sarƙa suka watse da gudu, suna zagaye katangar, suna birgima a ƙasa, wani ya faɗa cikin kwamin gaba ɗaya. Sai tsohuwar karyar Kawu, wata ja da sarƙa ta cinye wa gashin wuya. An kwance ta amma ta ƙi wuce taku huɗu. Ta je iyakar inda sarƙa ta saba tsayar da ita, ta tsaya, ta juyo. Kawu ya tafi can ƙarshen fili ya tsuguna yana kiranta. Ya fi rabin sa'a a tsugune, da gwiwoyin nan nasa, kafin ta yarda ta taka na biyar. Da ya dawo mota idonsa ya yi ja, ya ce ƙura ce. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, ni ma na manta da zancen takarda.

Wata bakwai muka samu. Wata safiya Baffa ya je kai ruwa ya tarar da turakun ƙarfe masu jan fenti an kafa su a jere, ɗaya ma a tsakiyar rumfar. Filin na wani ne, yana da sakkinsa, zai yi gini.

Na sa maigidana ya kai ni wurin Yaya. Na tambaye shi ina aka kwana a kan takardar roƙo. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya buɗe aljihun motarsa ya zaro ta, a ninke yadda aka ba shi, zafi ya sa ta yi rawaya.

Na ce, "Yaya, wata bakwai?"

Ya amsa da Larabci, daga baya ya juyo Hausa, abin da ban taɓa jin ya yi ba. "Ke ba ki sani ba, ya ukhti. Ke baƙuwa ce, za ki koma. Ni a nan aka haife ni. In shiga ofis, gaban mutanen da muka yi makaranta tare, in ce babana yana neman fili don kilab, don karnuka? Ina da 'ya'ya mata. Kin san sunan da za a sa mana?"

Na so in ƙi fahimtarsa amma na fahimta, wannan ma ya ƙara mini haushi. A hanyar gida maigidana ya ce ko da an kai takardar, da wuya a ba da fili don wannan. Na ce to me ya sa bai faɗa ba ranar da yake gyara zama yana karanto littafi? Ya ce ai ba a tambaye shi wannan ba.

Kawu bai haƙura ba tukuna. Ya tara tsofaffin shida a matsayin shaidu, suka sa fararen riguna suka je wurin mai filin, kamar yadda za a yi a gaban dagaci. Suka shaida cewa su suka ɗebe duwatsun, su suka kashe kunamun, su suka gina kwamin. Mutumin kirki ne, ya saurare su har ƙarshe, ya yi musu godiya da share masa wuri, ya nuna musu takardarsa, ya ba su wata guda su kwashe. Da mutane suka fara tambayar ina takardar da aka rubuta, Kawu ya ce, "Ni na manta ban kai ba. Tsufa." Bai taɓa yi wa Yaya maganar ba, ko sau ɗaya. Ni da na san gaskiya sai da na ciji leɓe a gaban mutane, don ya kafa mini ido.

Ya sake samun wuri, can gaba da nisa, a bayan wata gonar da ba a sayar ba tukuna. Mai gonar tsoho ne, sun san juna tun da. Ya ce su yi, da sharaɗin kada a sa ma'aikatansa a ciki, kuma kada kare ya shigo masa cikin dabino. Na tambayi Kawu ko an rubuta.

"Ya ba ni hannu, Uwata."

"Umda ma ai gahawa ya ba ka."

"Wannan mutum ne mai magana ɗaya."

"In ya mutu fa? Hannun nasa za ka nuna wa magada?"

Ya ce Allah Ya shirye ni. Na ce ba zan ƙara tuƙa tuwon gayyar da za a rushe ba, kuma ban tuƙa ba. Mutum biyar suka je gayya ta biyu, Iya ta dafa musu shinkafa. Na yi wata biyu ban taka Azizya ba. Ranar nan da hantsi sai na ji ana hawa matakalarmu a hankali, ana hutawa a kowane hawa. Shi ne, da ɗan ƙunshin dabino a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki ya ce, "Uwata, haka ake yi? Uwa ta yi fushi da ɗa har wata biyu?" Na ba shi ruwa, na zauna na yi kuka, shi kuma yana ba ni labarin wani kare da ya koyi buɗe sakata da hanci.

Shekara huɗu wurin ya yi, kuma mai gonar bai saɓa ba, wannan kam Kawu ya fi ni gaskiya. Karnuka suka ragu zuwa bakwai, tsufa ya ɗauki sauran. Ni ma na samu haihuwa biyu a jere, na daina zuwa. In mun haɗu nakan tambaye shi, "Kawu, ana dai zuwa?" Ya ce, "Ana zuwa, kowa da ranarsa." Na ga yana ramewa, wuyan rigarsa yana yi masa yawa, na ce shekaru ne.

Ranar Juma'a, kwana uku da rasuwar, da hantsi, baƙi sun ɗan tsagaita, Iya ta jawo rigar da aka cire masa ranar da ya rasu don ta ninke. Ta zazzage aljihun: carbi, guntun asuwaki, ɓarin goro da ya bushe, da wani ƙaramin makulli ɗaure da zare. Ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan ba na gidan nan ba ne."

Na gane shi. Na kwaɗon ƙofar filin ne, wanda aka sa tun da yara suka taɓa buɗewa suna jifan karnukan. Ɗaya ne tak, kuma wurinsa ƙarƙashin wani dutse ne a bakin ƙofar, don duk mai ranar ya ɗauka ya mayar. Ba shi da abin yi a aljihun kowa.

Na tashi ko mayafi ban gyara ba, na je bakin labulen da ya raba mu da maza na sa aka kira mini Baffa.

"Baffa, jiya ranar wa ce a fili?"

Ya ce, "Laraba tawa ce, Alhamis ta mai gareji."

"Kun je?"

"'Yata, ni rabona da wurin tun kafin azumin bara. Ƙafa. Shi ya ce in huta, zai riƙe mini."

"Sauran fa?"

"Uku sun rasu, kin sani. Ɗaya 'ya'yansa sun mai da shi Makka. Mai gareji kuma..." Ya tsaya. Ina jin numfashinsa ta bayan labule. "Na zaci tawa kaɗai ya karɓa."

Kowannensu haka ya zata. Kawu ya karɓi ranar wannan, ya karɓi ta wancan, bai gaya wa ɗaya labarin ɗaya ba don kada wani ya ji kunya. Ya fi shekara yana hawa motar haya shi kaɗai kullum, ya sauka a bakin titi, ya taka sauran, ya ɗebi ruwa a tafkin gonar bokiti-bokiti. Zuwansa na ƙarshe ranar Litinin ne. Ranar da muke wannan magana Alhamis ce ta wuce, Juma'a ta kama.

Maigidana ba shi da mota. Yaya ne ya ji muryata ya fito, ya dubi makullin a hannuna, ya ɗauko na motarsa. Muka bar masu gaisuwa a zaune, muka cika jarkoki biyu, ni da shi da maigidana.

Tun daga nesa ban ji haushi ba. Kwamin ya bushe ƙayau, har sun kankare gansakukar da ke ƙasansa. Huɗu sun haƙa rami ta ƙarƙashin waya sun fice, ba mu sake ganinsu ba, kuma na san abin da ke jiransu a bayan gari. Biyu suna kwance a rumfa, sun riga sun sandare. Jar karyar nan kaɗai ke numfashi, tana kwance a jikin ƙofa, ga ramin da 'yan'uwanta suka fita a buɗe kusa da ita, ta ƙi bi. Yaya ya durƙusa da farar rigarsa ta karɓar gaisuwa, ya tallafo kanta yana ɗiga mata ruwa da tafin hannu. Ta lasa sau biyu ko uku. Kafin a kira Juma'a ta mutu a cinyarsa.

Su biyun suka haƙa rami a cikin filin da shebur ɗin Kawu. Ina zaune a kan kwamin ina kallo, babu wanda zan yi wa faɗa. Na yi fushi da ɗalibai, na yi da Yaya, na yi da tsohuwa mai gilashi, na yi da Kawu kansa da ya ɓoye gajiyarsa har ta kashe abin da yake tsarewa. Amma ni ce na zauna kwana uku cikin gidan da famfo ke zuba, ina ƙullatar mutane don ba su ambaci karnuka ba, ban tambayi kowa ko sun sha ruwa ba.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maka, mai taurin kai, wanda bai iya takarda ba. Ka yalwata masa makwanci a Baƙi'a, Ka shayar da shi daga Alkausara gwargwadon kowane bokiti da ya ɗauka a rana, Ka ba Iya haƙuri. Mu kuma da muka zauna muna yabonsa a inuwa, Ka yafe mana kwana ukun nan.